Hasken da Mamanki Ke Ji da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, mota ba ta ba ku wahala a hanyar Kano ba, kuma an haɗa ki ɗaki da mutanen kirki. Allah Ya tsare ki a inda idonmu ba ya kaiwa.

Na sa takardar a cikin jakar allon fitilun nan don na san sai kin warware kaya za ki gan ta. Da a hannu na ba ki, da kin karɓa da hannu biyu kin ce "to, Baba," ni ma in ce "to," mu rabu ba a ce komai ba. Haka muka saba. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya-jiya kika bar shi. Bayanin allon zan yi miki, da kurakuran da na yi kafin ya zama yadda kika gan shi. Kafin in fara sai da na ɗauko littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum na duba, don kada in faɗi abin da ya fi mini daɗi in bar abin da ya auku.

Ki fara riƙe abu ɗaya. Mamanki ba ta ji. Kin san haka, amma ina jin ba ki san iyakar abin ba. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai ƙara mai ƙarfi, kamar faɗuwar kwano a siminti. Duk hirar da kike ganin tana yi da mutane, da ido take yin ta. Leɓe take kallo, da haɓa, da gira. In kika kira ta kiran murya, za ta kara wayar a kunne ta yi ta cewa "madalla" har ki gaji ki kashe. Saƙon rubutu ba zai yi ba, karatunta na allo ne. Saura kiran bidiyo kaɗai. Shekara uku za ki yi a makarantar jinyar nan. In ba ta ga bakinki sosai ba, shekara uku ke nan ba ta ji daga gare ki ba sai ta bakina, ni kuwa ban cika kai zance yadda aka faɗe shi ba.

Kuskurena na farko ya girmi allon da shekaru. Bayan zazzaɓin da ta yi a shekarar da aka haifi auta, nakan dawo daga shago da rediyoyin mutane da ban gama gyarawa ba, in baje su a tabarma, in ba ta baya ina aiki ina magana. In ce a kawo mini ruwa, shiru. In tambaya ko kakarki Hajiya ta aiko, shiru. Na rubuta a littafi, "Yau ma na yi magana ba a amsa ba." Na sami wannan layin a shafuka da yawa, har na daina ƙirgawa. A wani shafin na ƙara da cewa, "Ina jin raini ne." Ni da aikina shi ne in bi sauti cikin akwati in gano inda ya yanke, ban taɓa tunanin in duba na cikin gidana ba.

Har ƙara na kai Sandamu wajen Kawunki Lawal, yayanta. Ya saurare ni har na gama, ya tayar da babur muka taho tare. Muka tarar tana tankaɗe a tsakar gida, ta ba ƙofa baya. Ya tsaya a bayanta ya kira sunanta. Ba ta juyo ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Dije sarkin kuka, wa ya cinye mini ƙuli-ƙuli?" Hannunta bai ko tsaya ba.

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Sabi'u, da tana ji da tuni rariyar nan ta sauka a kaina. Tun muna yara ba a gaya mata wannan a zauna lafiya. Kai kana can kana gyara rediyon duk Daura, ba ka san ta ɗakinka ta daina kamawa ba?"

A asibiti aka ce da an zo da wuri wataƙila da an ceci wani abu. Wataƙila suka ce, haka na rubuta shi, ban ƙara ba ban rage ba. Ke da za ki koyi jinya, ga abin da na samu: in mutum ya yi miki shiru, ki zagaya ki ga fuskarsa kafin ki yanke masa hukunci. Zagayawar taku uku ce. Ni ta ɗauke ni wajen shekara biyu.

Yanzu batun allon. Na fara tunaninsa ranar da takardar ɗaukarki ta fito. Na tambayi waɗanda suka zauna irin ɗakunan nan na ɗalibai, suka ce ƙwan fitila ɗaya ne can a saman rufi, gadaje hawa biyu, kaya rataye ko'ina, mutane na shige da fice. Mai karanta leɓe, duk abin da ya motsa a bayan mai magana yana ɗauke masa ido. Sai na ga ana buƙatar abin da zai tare bayanki, ya kuma ba da haske.

Na sayi falanki marar nauyi, kafinta ya yanka shi gida uku yadda zai naɗe ya shiga jaka. Na jera masa igiyar ƙananan fitilun nan da kowane ƙwai ake iya ba shi launinsa daban. Na haɗa su da 'yar na'ura mai girman akwatin ashana, wadda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, ita kuma ta gaya wa fitilun abin da za su yi. Haɗin wuta da narka dalma ba su dame ni ba, aikina ne. Rubuta umarnin ne ya ba ni wuya. Turancina na sakandare ne, kuma ya kwana biyu. Sati uku ina kallon bidiyon masu koyarwa, ina tsayarwa ina kwafa a littafi. In na tsallake ɗigo ɗaya, komai ya ƙi. Ranar da ƙwai na farko ya kama da umarnina, na rubuta "ya kama," na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Daga nan ne na ruɗe, shi ne kuskure na biyu. Da na ga suna bin maganata, sai na jera fitilun duka a jikin allon, na buɗe su iyakar ƙarfinsu. Abin ya yi kyau, har maƙwabtan shago suka leƙo. Na zauna a gabansa na kira wayar gida don gwaji. Mamanki ta daɗe tana kallo, ta matso da wayar, ta janye.

Ta ce, "Bangon ya yi kyau. Wane ne a zaune?"

Na ce ni ne. Ba ta ga bakina ba, balle ta ji. In haske ya fi yawa a bayan mutum, waya takan rage ganinta don ta daidaita da shi, sai fuska ta koma baƙi ƙirin, kamar wanda ya tsaya a bakin ƙofa da rana tsaka. Na san wannan tun da daɗewa. Murnar fitilun ce ta sa na manta wa ake yi wa su.

Na cire rabin fitilun. Waɗanda suka rage na rage musu ƙarfi sosai, na rufe su da farin alawayyo don hasken ya baje, kada ya soki ido. Mamanki ce ta yi ɗinkin bakin yadin. Rabin da na cire na jera su a jikin sandar nan da za ki gani a aljihun jakar, wadda ke riƙe waya. Ita ce mai aikin gaske, domin ita ke haska fuska daga gaba. Saboda haka allo a bayanki, sanda a gabanki, tsakaninki da ita kamar kamu biyu. Kada ki zauna taga na bayanki ko da allon na nan. Kada ki riƙe wayar a hannu, girgiza tana ɓata leɓe. In kuma kika sami kanki kina ɓata lokaci wajen gyara ɗaki don kada a ga yadda kike zaune, ki bari. Ba ɗakin take son gani ba.

Kuskure na uku kin ji labarinsa a bakin ƙannenki, amma su wajen dariyar kawai suka riƙe. Lokacin da baffan Mamanki ya rasu a Damagaram, ba mu sami tafiya nan da nan ba. Na ce mu fara yin ta'aziyya ta bidiyo, tunda ga allo ya kusa kammala. Na kafa shi a falo, na jona a bango, muka zauna ni da ita. Can ɓangaren babban ɗan mamacin ne riƙe da waya, bayansa dattawa a kan tabarmi.

Ina tsakiyar "Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta," sai wuta ta ɗauke ta dawo. Abin da ban lura ba shi ne, duk sanda na'urar ta farka, umarnin farko da na rubuta mata take komawa, na gwaji, wanda launuka ke bin juna a guje. Sai ga bangon bayanmu ya fara ja, kore, shuɗi, rawaya, yana walƙiya kamar wurin kamu.

Ɗan mamacin ya ce, "Amin, amin." Ya matso da wayar kusa da fuskarsa. Ya ce, "Malam Sabi'u, ku kuma biki ake a Daura?"

Wata tsohuwa daga bayansa ta ce, "Kai, ku rufa wa bawan Allah asiri, ba ku ga ya rasa inda zai sa kansa ba?"

Mamanki ba ta ji ko ɗaya ba, amma ta gani a fuskar wayar. Ta ja mayafi ta rufe baki tana danne dariya. Na fizge igiyar daga bango. Bayan sati muka shiga mota muka je muka yi ta'aziyyar da ƙafarmu, yadda ya kamata tun farko. Har yau in na haɗu da mutanen gidan sai wani ya tambaye ni ko na zo da fitilun.

Abu biyu na ɗauka daga nan. Na ɗaya, duk abin da kika haɗa, ki gwada abin da yake yi in an bar shi shi kaɗai, ba abin da yake yi kina tsaye a kansa ba. Na goge launukan gaba ɗaya. Yanzu ko sau nawa aka kashe aka kunna, farin haske mai laushi zai ba ki. Ki riƙa jona shi a batirin cajin waya da na sa miki, kada ki dogara da wutar bango. Na biyu, akwai gaisuwar da ba ta waya ba ce. Za ki gane ta in ta zo.

Maɓallai biyu ne a gefen sandar. Na sama yana ƙara haske, na ƙasa yana ragewa. Na so in ƙara wani abu, wato in sa fitilun su riƙa kamawa da kansu duk ranar Juma'a don su tuna miki ki kira gida. Na rubuta umarnin, ya yi aiki. Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe na bar shi a goge. Na ga in sai fitila ta tuna miki, to matsalar ba wadda zan gyara da dalma ba ce. Ban tabbata na yi daidai ba, domin karatu yana sa mantuwa ko ga mai son iyayensa. Amma haka na bar shi.

Saura kuskure na huɗu. Shi ne dalilin takardar nan, sauran duk na biyo ta kansu ne don in sami hanyar zuwa gare shi.

Kina da shekara bakwai, wata rana limamin unguwa ya zo muna zaune a zaure da baƙi. Kika fito kika durƙusa kika gaishe shi da kyau. Sai kika ɗago kika dube shi ido cikin ido kika ce, "Malam, me ya sa gemunka ja?" Lalle ne ya sa. Kowa ya fashe da dariya, har shi. Ya ce, "Tsufa nake ɓoyewa, 'yata, ke kuma kin tona ni." Ni kaɗai ne ban yi dariya ba. Da baƙi suka tafi na kama ki na murɗe miki kunne, na ce yaro mai tarbiyya ba ya kallon babba a ido, in yana magana da na gaba da shi ƙasa yake kallo. Kika ce "to, Baba." Sau ɗaya aka gaya miki, kika riƙe. Daga ranar ban sake ganin kin ɗaga kai a gaban babba ba. Mutane suna yabawa. Na sami wurin da na rubuta, "An yaba tarbiyyar Walida yau," kuma na tuna daɗin da na ji ina rubutawa.

Ban ce koyarwar ƙarya ce ba. Haka aka koya mini, kuma a wurare da yawa za ta yi miki amfani. Laifina shi ne na ba ki ita dunƙule, ban ce ga inda ta tsaya ba. Da kunnen Mamanki ya tafi, ya kamata in kira ki in ce wannan doka ba ta shafe ta ba. Ban lura ba. Ga kuma kunyar 'yar fari a tsakaninku. Ba ta taɓa kiran sunanki ba, sai "yarinyar nan." Ba ta zama hira da ke, ba ta kallonki in da mutane. Ƙannenki su kama haɓarta su juyo da ita su faɗi abin da suke so. Ke kuwa ki tsaya a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ki yi wa ƙasa magana. Shekarun nan duka, abin da kika faɗa mata ko dai wani ya maimaita, ko ta yi hasashe.

Ban ga girman abin ba sai ranar Larabar da muka yi gwajin ƙarshe. Ke kina shago a gaban allo, ni ina gida a gefenta. Hasken ya fito daidai yadda nake so. Babu inuwa a fuska, bayanki tsaf. Kika yi sallama, sai kika sunkuyar da kai, kika ja gefen hijabi kusa da baki. Abin da ya rage a wayar goshinki ne.

Ni na ji duk abin da kika ce. Kika tambaya ko ki tafi da 'yar tukunyar nan shuɗiya ko ki bar wa gida. Ta ce, "Madalla." Sai kika rage murya kika ce, "Mama, zan tafi. Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ta ce, "To, a gaishe su."

Sai kika kashe wayar. Na ga yadda kika dawo gida, na ga kwanon tuwonki ya koma kusan yadda aka kawo shi. Ina jin kin ɗauka ta ji ta share. Ba ta ji ba, Walida. Da wayar ta mutu ta juyo ta dube ni ta ce, "Hasken ya yi kyau. Me aka ce?" Na gaya mata batun tukunya. Ɗayan ban faɗa ba. Daga baya na gaya wa kaina cewa irin wannan magana ba a aika ta, mai ita ke faɗa. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma tsoro ne na nema wa suna mai kyau. Ko wanne ne, maganarki tana nan ba ta isa ba. Ga shi za ki shiga mota ba ta san kin nemi gafararta ba, ke ma ba ki sami amsarki ba.

Kashegari na koma shago na buɗe sandar na ƙara abu ɗaya. Za ki ga ɗan ƙaramin ƙwai kore, shi kaɗai, a can sama da inda waya ke zama. Na auna tsayinsa da zamanki a kujerar shago, na kuma yi masa 'yar rumfa ta yadda ba a ganinsa daga ƙasa. In ba ki ganinsa, kanki ya sunkuya. In kina ganinsa, haɓarki ta ɗago, bakinki yana cikin haske. Na san ba zai yi miki sauƙi ki dubi idon mahaifiyarki ba bayan duk shekarun nan, ita ma ba zai yi mata ba. To ba idonta za ki kalla ba, fitila za ki kalla. Wannan ba rashin kunya ba ne, in ma shi ne, a kaina yake, ni na sa ki. Ki janye hijabi daga baki. Ki yi magana a hankali yadda kika saba, kada ki ɗaga murya, kada ki buɗe baki fiye da ƙima, hakan rikita ta yake yi. In ta ce "madalla" a inda bai dace ba, ba ta kama ba ne, ki sake faɗa da wasu kalmomin.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan caja wayar gida in ba ta, in fita da ƙannenki zaure. Babu wanda zai kasance a wurin sai ku biyu. Abin da kika faɗa ranar Laraba, ki sake faɗa.

Da zan rufe takardar nan na je na tsaya a gabanta, inda take ganin bakina, na tambaye ta ko akwai abin da zan rubuta daga gare ta. Ta ci gaba da tsince shinkafa ta ce, "A ce a riƙa cin abinci. Tukunyar tana ƙasan buhu, an sa." Na juya zan tafi, har na kai bakin ƙofa, sai na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kuma in an kira, a ɗaga kai."

Na rubuta yadda ta faɗa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki karatu, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai masu tsoron Allah. Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya. Ya maido mana da ke Daura lafiya, Ya same mu muna lafiya. Ni ma ki yafe mini kunnen nan da na murɗe. Ƙannenki da Hajiya suna gaisuwa.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sabi'u